Gobarar Da Ta Rage A Jinin Dogo

Shafi na 19

Masu cika min waya da saƙo kuna cewa na cika jan rai, na ji, ban kuma musa ba. Masu tsine wa Dogo ku ɗan sassauta, yau za ku ji ta bakinsa. Ga wanda yau ya fara shigowa: Malama ce ke ba da labarinta da kanta. Mijinta Dogo ma'aikacin kashe gobara ne. Rufin wani kamfanin katifa ya rufta musu shi da amininsa suna tsakiyar aiki, shi aka ciro shi da rai, aminin kuwa gawarsa aka ciro. Yanzu Malama na da ciki bayan shekaru suna nema, shi kuma tun ranar da ta yi masa albishir ya kwashe kayansa ya koma ƙaramin ɗaki. Ku gyara zama.

*

Ranar awo ce, ni kaɗai na je kamar kullum.

Matan da ke kan benci kowace da nata ƙorafin, wannan ƙafa ta kumbura, waccan ƙwannafi ya hana ta sakat. A gefena wani bawan Allah ne ya rako matarsa, ya rungume mata jaka yana yi mata fifita da katin awo, ita kuwa sai harararsa take wai iskar ta yi yawa. Na ji kamar in ce ta ba ni aronsa na yini ɗaya. Nas ta duba ni ta ce komai lafiya, yaro na motsi yadda ake so. Ta tambayi maigidan, na ce yana wurin aiki, alhali na san yau hutu yake.

Ina fitowa baranda na ji an ce, "Malama?"

Likitar Dogo ce. Ita ta riƙa ganinsa bayan gobarar, lokacin da barci ya ƙaurace masa, ƙofa in ta bugu sai ya zabura gumi ya wanke shi. A farko ni nake rako shi, in zauna a waje ina duba littattafan ɗalibaina har su gama. Ita da abokan aikinta suna wani bincike a kan mutanen da suka ga tashin hankali irin nasa, 'yan kwana-kwana da direbobin da suka tsira daga hatsari, har jini suke ɗiba.

Ta kalli cikina ta yi murmushi, ta yi min barka. Sai ta tambaye ni me ya hana shi zuwa tun ƙarshen bara, ta kira shi har ta gaji. Na ce ai shi ya faɗa min ta sallame shi.

"Ni ban sallame shi ba," ta ce.

Ta ja hannuna muka shiga ofishinta, ɗan ɗaki mai kujera biyu da fanka mai ƙara. Ta ce abin da suka tattauna su biyu amana ce, ba za ta buɗe min ba. Amma akwai taron da suka kira duka masu cikin binciken tare da iyalansu don a faɗa musu abin da aka gano, wannan kam ina da haƙƙin ji. Ta ce ta yi ta duba fuskoki ranar ba ta gan ni ba. Na ce ban ma san an yi ba.

Ta yi min bayanin a hankali, yadda nake yi wa 'yan aji ɗaya. Ta ce kowane mutum yana da ƙwayoyin gado da ya samo daga uwa da uba, su ne ke tsara yadda jiki zai yi aiki. Firgici mai tsanani ba ya canja ƙwayoyin kansu. Sai dai a jinin wasu masu irin ciwon Dogo ana ganin 'yan alamomi sun hau kan ƙwayoyin da ke kula da tsoro, suna ƙara wa wasu ƙarfi, suna rage wa wasu. Ta nuna makunnin fankarta ta ce kamar waya tana nan lafiya a bango, amma makunnin ya maƙale a kunne. Shi ya sa jikinsa yake zaune cikin shirin gudu, ko da babu abin gudu.

Na ce na fahimta. Wannan kam ni ce shaida.

Ta ce ana cikin haka wani ya ɗaga hannu ya tambaya ko alamomin suna bin 'ya'ya. Ta fara ba shi amsa, ta ce a wasu gwaje-gwaje da aka yi da ɓeraye an ga abu makamancin haka a jikin 'ya'yansu. Ba ta kai ga sauran ba mutumin ya miƙe, kujera ta kife a bayansa, ya fice. Ba ta faɗi ko wane ne ba, ni ma ban tambaya ba. Akwai mutum ɗaya da na sani da in ya miƙe sai ya ture wani abu.

"Sauran fa, likita?"

"Sauran shi ne, a mutane ba a tabbatar uba yana sa wa ɗansa su ta haka ba. Ana dai bincike. Kuma ba sassaƙa ba ce a kan dutse, akwai waɗanda aka ga alamomin nasu sun sauya bayan sun samu kulawa. Wannan ne bai tsaya ya ji ba."

Ta roƙe ni in dawo mata da shi ko da jan hannu ne. Na yi mata godiya na fito. A cikin tasi, duk da ɓacin rai, wani sanyi na riƙa ji, ina cewa ashe tsoro ne kawai, ashe ba ƙina yake ba. Har tsara yadda zan tsokane shi nake yi. Kaico, ban san abin da ke jirana ba.

Na tura ƙofar falo a hankali. A gidanmu ba a buga ƙofa, ba a barin abinci ya kama, ba a kunna kyandir ko wuta ta ɗauke. Na saba har ya zame min jiki.

Yana cikin ƙaramin ɗakin, tsaye a kan kujera yana ɗaura na'urar gano hayaƙi a silin. Katifarsa na jingine da bango. A tsakiyar ɗakin ga gadon jaririn da ya haɗa da hannunsa, ya goge kowane lungu da sanfefa don kada ya karci yaro. Duk soket ɗin ɗakin ya toshe su da roba. Abin da ke ruɗa ni ke nan game da mutumin nan: zai yini yana yi wa yaron hidima, amma ko da kuskure bai taɓa ɗora hannu a cikina ba.

"Likita na gaishe ka," na ce.

Hannunsa ya tsaya. Bai juyo ba.

"Wace likita?"

"Wadda ta sallame ka."

Ya sauko a hankali, ya ajiye sukudireba a kan taga, ya zauna a kujerar. Duk tsawonsa sai ya koma ƙarami. Na tsaya a bakin ƙofa na zayyana masa komai, taron da ya ɓoye min, tambayar da ya yi, kujerar da ya kifar. Bai musa ko ɗaya ba.

"Ta ce an gani a 'ya'yan ɓera," ya ce ƙasa-ƙasa.

"To kai ɓera ne, Yallaɓai?"

Na zaci zai yi dariya. Da can abin da bai kai wannan ba yakan sa shi ƙyaƙyatawa har ya buga cinya. Ko gezau bai yi ba. Na matso na faɗa masa sauran bayanin da ya gudu ya bari, kalma bayan kalma yadda likita ta faɗa min. Ya saurara har na kai ƙarshe.

"Ba su tabbatar ba," ya ce. "Sun ce babu?"

Gaskiya kam, ba su ce ba.

"Ki dube ni, Malama. Ƙato da ni, murfin tukunya ya faɗi in tsinci kaina a ƙarƙashin tebur. An ɗauke ni daga kan motar kashe gobara an kai ni sito ina naɗe mesar ruwa, yaran da na koya wa aiki suna rage murya in sun gan ni. Kin san abin da nake ji in na rufe ido? Hannun aminina a cikin nawa. Yana ta kiran 'yarsa, yana matse ni, har ya daina matsewa. Abin yana nan cikin jinina, sun ɗiba sun gani. Shi zan ba yaro gado?"

Tausayinsa ya kama ni. Na zauna a gefen gadon jaririn. Na ce masa ko ma mene ne, ciki dai ya riga ya shiga, gudun ɗakina ba zai fitar da komai daga jinin kowa ba. Na ce yaron nan uba yake bukata fiye da na'ura a silin. Na ce mu koma wurin likita tare, ni da shi, ya zauna ya ji magana har ƙarshe ko sau ɗaya a rayuwarsa.

Sai ya yi min wani irin kallo. Ban taɓa ganin kallon nan a fuskarsa ba, kamar mai jin tausayina.

"Kin tuna kwas ɗin da na tafi bayan taron nan?"

Na tuna mana. Kwanaki kaɗan ya yi, ya dawo yana takawa a hankali kamar tsoho. Ya ce ƙaba ce ta taso masa a can aka yi masa ɗan aiki. Na yi ta faɗa a kan me ya sa bai kira ni ba, na yi kuka, na ɗauki hutu a makaranta na zauna jinyarsa. Ni nake dafa masa ruwan wanka, ni nake hana shi ɗaukar ko bokiti.

"Ba kwas na je ba. Ba ƙaba ba ce kuma."

"To mene ne?"

"Jijiyar haihuwa aka ɗaure min. Ni na kai kaina, wani asibiti can nesa inda ba a san ni ba."

Da farko maganar ba ta shige ni ba. Abin da ya fara zuwa raina maganin neman haihuwa ne. A daidai watannin nan ni ina haɗiyar ƙwayoyin da ke sa ni jiri a gaban allo, ina lissafin kwanaki, ina tashi cikin dare ina salla ina kuka. Mamansa in ta zo sai ta kalli cikina kafin ta kalli fuskata. Shi kuwa yana zaune yana miƙo min ruwan shan maganin, ya san abin da ya aikata. Raina ya ɓaci ɓacin da ban taɓa ji ba, na buɗe baki zan fara.

Sai ɗaya maganar ta iso.

Na kalli cikina. Na kalle shi. Ya kawar da kai.

"Dogo," na ce. Rabon da in kira shi haka tun muna saurayi da budurwa. "In an ɗaure ka, to a tunaninka wannan fa?"

"Ban tambaye ki ba. Ba kuma zan tambaya ba."

Ashe wata da watanni mutumin nan yana cin abincina, yana amsa gaisuwata, yana goge gadon jariri, a ransa kuwa ni mazinaciya ce. Na sha wulaƙanci a kan rashin haihuwa, daga dangi har maƙwabta, amma duk a haɗa bai kai rabin wannan ba. Ban yi kuka ba. Kukan ma ya ƙi zuwa.

Shi kuma ya ci gaba, a nutse, kamar mai lallashina. Ya ce ranar da na yi masa albishir ya fita ya yi ta yawo a titi bai san inda yake zuwa ba. Ya ce ya yi makonni yana jin kamar ana yanka shi, yana kallon duk namijin da ya gaishe ni. Ya ce bai ga laifina ba, shi ya cuce ni tun farko, mace mai son ɗa kamar ni.

"Daga baya sai na ji hankalina ya kwanta," ya ce. "Na ce Allah ya dube ki. Yaron zai zo da jini mai lafiya, ba ruwansa da abin da ke jikina. Zan ba shi sunana, zan riƙe shi, ba mai ji har in mutu. Wallahi Malama, tun da gobarar nan ta faru ban samu abin da ya sanyaya min rai kamar wannan ba."

Wannan ce ta ƙarasa ni. Da zagina ya yi, da saki ya rubuta min, da na san yadda zan yi da shi. Amma miji ya zauna yana gode wa Allah a kan matarsa ta ci amanarsa, ban san inda ake ajiye irin wannan a zuciya ba.

Na miƙe.

"Ka saurare ni da kyau. Na rantse da Wanda raina ke hannunsa, ban taɓa sanin wani namiji ba sai kai. Ko a mafarki."

"Malama, ba sai kin..."

"Ka yi min shiru. Can inda suka yanka ka, me suka ce maka da za ka tafi?"

Ya ce ba wani abu ba ne, sun ce ya dawo bayan 'yan watanni su yi gwaji su tabbatar babu saura, kafin nan kuma ya kiyaye. Ya faɗe shi ne kamar mai ba da labarin ruwan sama.

"Ka koma?"

"In koma in yi me? An riga an ɗaure."

"Ka kiyaye?"

Ba ya bukatar amsawa, ni ma ina wurin. Ciwon na warkewa mutumin nan ya dawo min kamar sabon ango. Ya riƙa tsokanata a kicin, yana barci har da minshari, yana rako ni bakin titi da safe. Na riƙa gaya wa ƙawayena Dogo ya warke. Ashe murnar ya toshe hanyar haihuwa yake yi, ya sake jiki da ni ba fargaba. A cikin makonnin nan ne cikin ya shiga.

"Sau biyu ke nan," na ce masa. "Sau biyu ana yi maka bayani kana watsi da ƙarshensa. Na farko ya ci jikinka, na biyu ya ci mutuncina."

Na ga lokacin da lissafin ya shige shi. Leɓɓansa suka riƙa motsi ba sauti. Ya dubi cikina, a karon farko ya dube shi sosai, sai gumi ya keto masa a goshi. Numfashinsa ya fara sama-sama yadda yake yi in ya ji ƙaurin wuta.

Na ɗauka ko a makare zan ga farin ciki. Mutumin da ya yi shekaru yana tsayawa a bakin shagon kayan yara yana kallon ƙananan takalma. Ban ga komai ba sai tsoro tsagwaronsa.

"A'a," ya ce. "A'a, ba zai yiwu ba."

"Ɗanka ne, Dogo. In kana so a yi gwaji, a yi. Jininka ne."

Ya zamo daga kan kujerar ya durƙusa a gabana. Ya kama bakin hijabina da hannu biyu. Hawaye na bin fuskarsa, shi da ko a ranar jana'izar amininsa bai yi kuka ba.

Na manta duk ranar awo Mama, mahaifiyarsa, takan biyo ta ji abin da nas ta ce. Ban ji sallamarta ba, shi ma bai ji ba.

"Ki rufa min asiri, Malama," yake cewa da ƙarfi, muryarsa na fashewa. "Don Allah ki faɗa min gaskiyar da na sani. Ki ce ba nawa ba ne. Na roƙe ki, ki ce ba nawa ba ne."

Wani abu ya faɗi a bayana. Na juya.

Mama ce tsaye a bakin ƙofa, ledar kayan jarirai a ƙasa, 'yan safa sun zube a kan ƙafarta. Ba ɗanta da ke durƙushe take kallo ba. Cikina take kallo.

"Mene ne ba naka ba?" ta ce.